Lissafin Tensa da Yadda A Ke Warware Jimlolin Ainshtain

An daɗe ana baza wata magana, wai ilmin da Ainshtain ya fito da shi game da jan nauyi ya fi ƙarfin kan ɗan Adam, in ka ɗebe waɗansu 'yan tsiraru. Wannan magana ta yi ɓarna ƙwarai, gama ta sa masu basira da yawa sun juya baya tun ba su leƙa ba. Gaskiya aikin yana da tsawo, yana kuma cin takarda, amma kowane taki nasa ƙarami ne. Wanda ya san dokar Fisagoras, ya kuma taɓa kalkulas har ya iya fid da gwargwadon canjin r² ko na sin θ, to, zai iya bina har ƙarshe. Ku kuwa da za ku fita ku tsaya gaban yara ku ce musu ƙasa ce ke jawo mangwaro in ya faɗo, ya kamata ku san iyakar gaskiyar wannan magana da abin da ke bayanta. Ku ɗauko fensir da takarda, wannan darasi ba na karantawa a kwance ba ne.

Akuya a turke

Mu fara da fili shimfiɗaɗɗe, kamar filin ƙwallo. In kana so ka gaya wa wani inda ka yar da hularka, lamba biyu sun ishe ka: taki x gabas, taki y arewa, daga wata kusurwar filin. In ka gusa kaɗan, dx gabas da dy arewa, tsawon abin da ka taka, ds, shi ne abin da Fisagoras ya koya mana:

ds² = dx² + dy²

To, ga wani mutum ya kafa turke a wannan kusurwa ya ɗaure akuya. Shi ba ruwansa da gabas da arewa. Abin da ya sani shi ne tsawon igiya, r, da kusurwar da igiyar ta yi da gabas, θ. Tun da x = r cos θ, y = r sin θ, sai mu sami dx = cos θ dr − r sin θ dθ, da dy = sin θ dr + r cos θ dθ. Ku ninka kowanne da kansa ku haɗa. Gaɓoɓin tsakiya za su kashe juna, abin da zai rage shi ne:

ds² = dr² + r² dθ²

Fili ɗaya ne, taki ɗaya ne, amma rubutu biyu. Lambobin da ke tsaye gaban dx² da dy² su ne 1 da 1, waɗanda ke gaban dr² da dθ² kuwa 1 da r². Waɗannan lambobi a ke kira gaɓoɓin tensar awo, a ke rubuta su gᵢⱼ. Ga mai akuya g₁₁ = 1, g₂₂ = r², g₁₂ da g₂₁ kuwa sifiri. A taƙaice a kan rubuta ds² = gᵢⱼ dxⁱ dxʲ, bisa wata yarjejeniya da Ainshtain ya kawo don rage wahala: duk harafin da ya fito sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, to, a sa masa 1, a sa masa 2, a tara abin da ya fito.

Me ce ce tensa ke nan? Ku tuna da mai awo a kasuwa. Buhun gero ɗaya ne, wani ya auna da mudu, wani da tiya, lambobinsu sun saɓa, amma wanda ya san tiya nawa ce mudu nawa zai iya juya wannan zuwa wancan. Tensa abu ce tabbatacce wadda ba ta damu da tsarin lambar da ka zaɓa ba, gaɓoɓinta ne ke sakewa, kuma suna sakewa bisa doka ɗaya tak. Ga tensar awo dokar ita ce:

g′ₖₙ = (∂xⁱ/∂x′ᵏ)(∂xʲ/∂x′ⁿ) gᵢⱼ

Alamar ∂ tana nufin gwargwadon canji in lamba ɗaya kaɗai ta motsa, sauran suna tsaye. Ku gwada: g′₂₂ = (−r sin θ)² + (r cos θ)² = r², daidai da abin da muka samu ɗazu. Ku lura da abu guda a dokar nan, gama shi ne ginshiƙin darasin duka. Kowace sabuwar gaɓa tari ne na tsofaffin gaɓoɓi an ninka su da wani abu. Saboda haka in dukan gaɓoɓin tensa sifiri ne a tsari ɗaya, sifiri ne a kowane tsari. Wanda ya rubuta dokar halitta da tensa, ya rubuta wa kowa da kowa, mai tsaye da mai gudu da mai juyawa.

Miƙaƙƙiyar hanya da lanƙwasa

Yaro ya ratsa filin nan a miƙe, bai karkata ba. Mai x da y zai ce lambobinsa suna ƙaruwa bai ɗaya. Mai akuya kuwa zai ga r ta ragu sa'an nan ta ƙaru, θ ta yi sauri sa'an nan ta yi sanyi. Laifin ba na yaro ba ne, na tsarin lamba ne. Abin da ke gyara wannan shi ne alamun Kiristofel, wani Bajamushe da ya fito da su cikin 1869:

Γⁱⱼₖ = ½ gⁱᵐ (∂ⱼ gₘₖ + ∂ₖ gₘⱼ − ∂ₘ gⱼₖ)

Ita gⁱᵐ kishiyar gᵢₘ ce. Inda g₁₂ sifiri ne abin ba wuya: g¹¹ = 1/g₁₁, g²² = 1/g₂₂. Hanya mafi miƙewa kuwa ita ce wadda ta cika wannan sharaɗi:

d²xⁱ/ds² + Γⁱⱼₖ (dxʲ/ds)(dxᵏ/ds) = 0

Ga mai akuya gaɓa ɗaya ce ke sakewa, watau g₂₂ = r², wadda ∂₁ nata ya ke 2r. Don haka Γ¹₂₂ = ½ (1)(−2r) = −r, kuma Γ²₁₂ = Γ²₂₁ = ½ (1/r²)(2r) = 1/r. Sauran duka sifiri. Ga mai x da y kuwa ko ɗaya ba ta da rai. Kun ga ke nan Γ ba tensa ba ce, ko da ya ke ta yi shigar tensa, tun da ta mutu a wani tsari ta rayu a wani. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, su ga Γ ba sifiri ba su ce fili ya lanƙwashe. A'a, tukuna.

Abin da ke auna lanƙwasa ta gaskiya shi ne tensar Riman:

Rⁱⱼₖₙ = ∂ₖΓⁱₙⱼ − ∂ₙΓⁱₖⱼ + ΓⁱₖₘΓᵐₙⱼ − ΓⁱₙₘΓᵐₖⱼ

Kada tsawonta ya tsorata ku. A fili mai fuska biyu gaɓa ɗaya ce kaɗai mai zaman kanta, R¹₂₁₂, kuma a misalanmu abu biyu ne ke tsira cikinta: R¹₂₁₂ = ∂₁Γ¹₂₂ − Γ¹₂₂Γ²₁₂. Mu zuba na mai akuya: na farko −1, na biyu −(−r)(1/r) = +1. An tashi sifiri. Ashe lissafi ya gane filin shimfiɗaɗɗe ne, duk da rikicin igiya.

Yanzu mu hau bayan ƙwallo, wanda daga cibiyarsa zuwa fatarsa a ne. Lamba ta 1 ita ce θ, kusurwa daga ƙoƙon arewa, ta 2 kuwa φ, kewayawa gabas. Awon shi ne ds² = a² dθ² + a² sin²θ dφ². Ku bi hanyar ɗazu za ku sami Γ¹₂₂ = −sin θ cos θ, da Γ²₁₂ = cos θ / sin θ. Sai:

R¹₂₁₂ = −(cos²θ − sin²θ) + cos²θ = sin²θ

Wannan karon bai mutu ba. In ka raba shi da g₂₂ za ka sami 1/a², ita ce lanƙwasar ƙwallo, iri ɗaya ko'ina, kuma ƙaramin ƙwallo ya fi babba lanƙwasa. Abin mamaki shi ne ba mu fita daga fatar ƙwallon muka hango shi daga waje ba. Tururuwa mai tafiya a bayan ƙwarya, in tana da abin awo da haƙuri, za ta iya sanin duniyarta a lanƙwashe ta ke. Gaus ne ya tabbatar da haka cikin 1827, almajirinsa Riman kuma ya faɗaɗa shi zuwa fuskoki ko nawa ne a wata lacca da ya yi a Gotinjin cikin 1854. Shi ya sa za ka iya naɗe gwangwani da takarda sumul, amma lemo sai takarda ta yamutse. Italiyawa biyu, Rici da Lebi-Cibita, su suka tsara lissafin tensa sosai a wata doguwar maƙala cikin 1900, a lokacin kuwa ba wanda ya zaci yana da wata alaƙa da faɗuwar mangwaro.

Jimlolin kansu

Cikin 1905 Ainshtain ya nuna cewa saurin haske, c, ɗaya ne ga kowa, cikin 1908 kuma tsohon malaminsa Minkoski ya mai da wannan awo mai fuska huɗu, uku na sarari ɗaya na lokaci: ds² = −c²dt² + dx² + dy² + dz². Tsakanin waɗannan, cikin 1907, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙira a birnin Ban na ƙasar Suwizalan, sai ya lura da cewa mutumin da ke faɗowa daga bisa ba ya jin nauyin jikinsa. Ku kwatanta da abin da muka gani. Jan nauyi da ka ke ji a ƙafafunka kamar Γ ya ke, ana iya kashe shi a wuri guda ta sake tsari, watau ta faɗuwa. Amma saki duwatsu biyu nesa da juna, za su riƙa kusantar juna suna faɗuwa, gama duka cibiyar ƙasa suka nufa, wannan kuwa ba tsarin da zai kashe shi. Shi ne aikin tensar Riman. Sa'ad da ya koma Zurik cikin 1912 abokinsa Girosman, malamin lissafi, ya nuna masa aikin Riman da na Rici. Duk da haka sai da ya yi shekara uku yana ɓata hanya yana komowa, kana ya miƙa jimlolin a Balin ran 25 ga Nuwamba, 1915:

Rᵢⱼ − ½ R gᵢⱼ = (8πG/c⁴) Tᵢⱼ

Rᵢⱼ tensar Rici ce, a kan same ta daga ta Riman ta tara harafin sama da na uku, watau Rⱼₙ = Rⁱⱼᵢₙ. R kuwa gⁱʲRᵢⱼ ne. G lambar Niyuton ce ta jan nauyi. Tᵢⱼ ita ke faɗin abin da ke wurin: yawan abu, da ƙarfinsa, da gudunsa, da matsinsa. Hagu lanƙwasa, dama kaya. Lambar da ke gaban T ƙarama ce ainun, wajen 2 × 10⁻⁴³ in ana awo da mita da kilo da sakan, shi ya sa sai abu ya kai girman duniya kafin lanƙwasar da ya jawo ta zama abin kula. Cikin 1917 ya ƙara wata gaɓa, Λgᵢⱼ, wadda ke da amfani wajen maganar sammai baki ɗaya, amma a kewayen rana ba ta taka kara ta karya ba, mun ajiye ta.

Layi ɗaya ne a ido, amma ku ƙidaya. Tensar awo a fuska huɗu gaɓoɓi 10 gare ta, alamun Kiristofel 40, tensar Riman gurbi 256, ko da ya ke 20 ne masu zaman kansu. Jimlolin 10 ne, amma akwai dangantaka 4 tsakaninsu da a ke kira da sunan Biyanki, kuma wannan daidai ne, gama dole a bar mana 'yancin zaɓen lambobinmu huɗu. Babbar wahalar ita ce g tana ninka kanta a ciki. A lissafin Niyuton in ka san jan rana ka san jan wata, sai ka tara. A nan ba a tara amsa biyu a sami ta uku.

Warwarewa

Wanda ya fara samun cikakkiyar amsa shi ne Kal Shuwarshild, shugaban ɗakin duban taurari na Fotsdam, yana soja a fagen yaƙi. Ya aika wa Ainshtain wasiƙa ran 22 ga Disamba, 1915, aka buga aikin a farkon 1916, cikin Mayu na wannan shekara kuma ya rasu da wani ciwon fata, yana da shekara 42. Dabararsa ita ce ta kowane mai hankali in lissafi ya yi masa yawa: ya zaɓi tambaya mafi sauƙi. Tauraro ɗaya, mulmulalle, ba ya juyawa, ba ya sakewa, kuma wajensa a ke tambaya, inda ba kome. Shi ya bi wani tsarin lamba dabam, namu ya fi kusa da na Doroste, wani ɗalibi a ƙasar Holan da ya sami amsar shi kaɗai cikin 1916.

Inda ba kome Tᵢⱼ = 0. Ninka jimlar da gⁱʲ, ka tuna gⁱʲgᵢⱼ = 4, sai ka sami R − 2R = 0, watau R = 0. Abin da ya rage shi ne Rᵢⱼ = 0. Wannan ba ya nufin ba lanƙwasa, gama Rici tari ne kurum, gaɓoɓin Riman suna iya kashe juna a cikin tarin alhali kowace tana da rai.

Tun da kowace fuska ɗaya ce in ka kewaya tauraron, kuma yau da gobe ɗaya ne, awon ba shi da wata siffa sai wannan:

ds² = −A c²dt² + B dr² + r²(dθ² + sin²θ dφ²)

A da B sun dogara ga r kaɗai. Daga abu 10 da ba mu sani ba mun komo 2. A lura, r a nan ba tsawon igiya daga cibiya ba ne, an ƙayyade shi ne yadda da'irar da ta kewaye tauraron za ta zama 2πr. Mu sa wa ct lamba 0, r 1, θ 2, φ 3, ɗan karan nan ′ kuma ya zama gwargwadon canji bisa r. Cikin alamun Kiristofel 40, tara ne ke da rai:

Γ⁰₀₁ = A′/2A, Γ¹₀₀ = A′/2B, Γ¹₁₁ = B′/2B,
Γ¹₂₂ = −r/B, Γ¹₃₃ = −r sin²θ/B, Γ²₁₂ = Γ³₁₃ = 1/r,
Γ²₃₃ = −sin θ cos θ, Γ³₂₃ = cos θ / sin θ

Kun san waɗansu cikinsu, na akuya da na ƙwallo ne suka komo. Zuba su cikin tensar Riman a tara shi ne wurin gumi, aikin maraice guda ne, kuma ina roƙonku ku yi shi da hannunku ko sau ɗaya. Abin da zai fito:

R₀₀ = A″/2B − (A′/4B)(A′/A + B′/B) + A′/rB
R₁₁ = −A″/2A + (A′/4A)(A′/A + B′/B) + B′/rB
R₂₂ = 1 − 1/B − (r/2B)(A′/A − B′/B)

R₃₃ kuwa R₂₂ ce sau sin²θ, ba ta kawo sabon labari ba. Kowace cikin ukun nan tilas ta zama sifiri. Ku dubi biyun farko da kyau, kusan hoton juna ne a madubi. Ninka ta farko da B/A ka haɗa da ta biyu, sai manyan gaɓoɓin su faɗi, a bar (1/r)(A′/A + B′/B) = 0. Ma'anarsa AB ba ya sakewa. Can nesa da tauraro kuwa dole awo ya koma na Minkoski, inda A da B duka 1 ne. Saboda haka AB = 1 ko'ina, B = 1/A, B′/B = −A′/A.

Kai wannan cikin ta uku: 1 − A − rA′ = 0. Amma A + rA′ ai shi ne gwargwadon canjin rA. To, (rA)′ = 1, don haka rA = r + k, watau A = 1 + k/r, k kuwa wata lamba ce tsayayya. Mai shakka ya koma ga R₀₀ ya gwada: A′ = −k/r², A″ = 2k/r³, sai A″/2 + A′/r = k/r³ − k/r³ = 0. Ta cika da kanta ba a roƙe ta ba, wannan kuwa aikin dangantakar Biyanki ne.

Saura k. Nan za mu koma wurin Niyuton, gama sabon ilmi bai isa ya ƙaryata abin da aka auna shekara ɗari biyu ana samu daidai ba. Saki dutse nesa da tauraro. Tun da bai yi sauri ba, tafiyarsa kusan duka cikin lokaci ta ke, dx⁰/dt = c, sai jimlar miƙaƙƙiyar hanya ta zama d²r/dt² = −c²Γ¹₀₀, wanda kusan −c²A′/2 ne, watau c²k/2r². Niyuton ya ce −GM/r², inda M ya ke nauyin tauraron a kilo. In za su yi daidai sai k = −2GM/c². Mu kira 2GM/c² da suna rₛ. Ga amsa:

ds² = −(1 − rₛ/r) c²dt² + dr²/(1 − rₛ/r) + r²(dθ² + sin²θ dφ²)

Ku dakata ku ga inda faɗuwar dutse ta fito. Daga A ta fito, A kuwa ita ke gaban dt². Watau mangwaro yana faɗowa ne domin lokaci ya fi tafiya a hankali a gindin itace bisa ga reshe, shi kuwa yana bin hanyarsa mafi miƙewa cikin sarari da lokaci. Cikin 1923 Bakof na Amurka ya nuna cewa ko tauraron yana kumbura yana motsewa, muddin mulmulalle ne, amsar wajensa ita ce wannan.

A gwada da lambobi

Ga rana GM = 1.327 × 10²⁰, c² kuwa 8.988 × 10¹⁶, sai rₛ ya zama mita 2,953, kusan kilomita 3, alhali daga cibiyar rana zuwa fatarta kilomita 696,000 ne. Ga duniyarmu rₛ bai kai santimita ɗaya ba, milimita 8.87 ne. Shi ya sa Niyuton ya ke isa a aji da gona da gini.

Amma akwai inda bai isa ba. Makyuri, wadda ta fi kowace duniya kusa da rana, hanyarta mai siffar ƙwai ce, kuma ƙwan yana juyawa sannu sannu. Tun 1859 Laberiye na Faransa ya ga jan sauran duniyoyi bai biya dukan juyin ba, daga baya aka ƙayyade ragowar sakan 43 na kusurwa a shekara ɗari, sakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. In ka warware jimlar miƙaƙƙiyar hanya cikin awon nan, ƙarin juyi a kowane kewaye shi ne 3πrₛ / a(1 − e²). Ga Makyuri a = 5.79 × 10¹⁰ mita, e = 0.2056. Ku buga: 5.02 × 10⁻⁷ a awon radiyan, watau sakan 0.1035. Tana kewaya rana cikin kwana 88, sau 415 ke nan a shekara ɗari. Ninka 0.1035 da 415. Ainshtain ya sami wannan 43 ta hanyar kusantawa ran 18 ga Nuwamba, 1915, ba tare da ya murɗa ko lamba ɗaya ba, kuma a ganina duk cikin hujjojin ba wadda ta fi ta ƙarfi, gama an auna abin tun kafin a san za a bukace shi.

Haske da ya gogi gefen rana zai karkata da 2rₛ/R, inda R a nan ya ke kilomita 696,000 ɗin nan, watau sakan 1.75. Gani ya kori ji: ran 29 ga Mayu, 1919, aka yi husufin rana, Edintan na Ingila ya ɗauki hoton taurarin da ke gefenta daga tsibirin Firinsife, cikin tekun Gini kudu da gaɓar ƙasarmu, wata ƙungiya kuma daga Sobral a Barazil. Awonsu bai da tsabta sosai, amma ya goyi bayan Ainshtain, awon da aka yi daga baya da igiyar rediyo kuma ya tabbatar.

Na uku yana cikin aljihunku. Agogon da ke tsaye a r yana tafiya da √A, kusan 1 − rₛ/2r. A bisa ƙasa, r = kilomita 6,371, ragin 6.96 × 10⁻¹⁰ ne. Taurarin ɗan Adam na GPS suna r = kilomita 26,560, raginsu 1.67 × 10⁻¹⁰. Bambancin sau sakan 86,400 na yini ya ba da wajen kashi 45.7 cikin miliyan na sakan, agogon sama ke gaba. Gudunsu, wajen kilomita 3.9 a sakan, yana rage 7.2. Saura 38 da 'yan kai kowace rana, a cikin wannan ɗan lokaci kuwa haske ya yi tafiyar kilomita 11. Don haka a ke rage saurin agogon tun kafin a harba su.

Inda r ya zama rₛ fa? A ta zama sifiri, B ta haura ba iyaka, masana suka yi shekaru suna zaton nan lissafin ya karye. Mai akuya zai iya ba su amsa, gama shi ma g²² = 1/r² tasa tana haukacewa a gindin turke, alhali ba abin da ya sami filin. Sai a tambayi tensa. In ka ninka tensar Riman da kanta ka tara dukan haruffa, za ka sami lamba wadda ba ta sakewa da tsari, 12rₛ²/r⁶. A r = rₛ lafiya lau ta ke, sai a r = 0 ta ke ɓaci. Lametir na Beljiyam ya gane haka cikin 1933, Finkelstain kuma ya bayyana cikin 1958 cewa rₛ iyaka ce da a ke shiga ba a fita, ko haske. Abin da ya matse har ya shige cikin rₛ nasa shi a ke kira baƙin rami.

Sauran amsoshi ba su zo da arha haka ba. Firidman na Rasha ya sami ta sammai masu faɗaɗa cikin 1922. Ta baƙin rami mai juyawa sai 1963, daga hannun Roy Kar, mutumin Niyu Zilan, shekara 47 bayan Shuwarshild, don kawai an ƙara juyi. Ta ramuka biyu masu kewaya juna kuwa ba a same ta a takarda ba, kwamfuta ce ke yanka sarari ƙanana ƙanana tana bi taki taki, kuma sai 2005 Firitoriyas ya iya kai lissafin har haɗuwarsu. Da na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari ran 14 ga Satumba, 2015, da irin wannan lissafi aka gwada ta, aka gane ramuka biyu ne suka haɗu, ɗaya wajen nauyin rana 36, ɗaya 29.

Ga aikin da za ku gwada hannunku da shi kafin ku taɓa R₀₀. Jinkar ɗaki mai tsini awonta ds² = dr² + n²r² dθ², inda r ya ke tsawo daga tsinin, n kuwa lamba ce tsayayya da ba ta kai 1 ba. Ku fid da Γ¹₂₂ da Γ²₁₂, ku nemi R¹₂₁₂. In kun gama, ku yanki da'irar takarda, ku cire mata yanki kamar na kankana, ku haɗa bakin, ku ga ko takardar ta yarda da amsarku.